Tambaya: in aka kwashe nakiyoyi daga kurmi, wa ke fara shiga?

Ummu Sultan:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da wata tambaya da ta tsaya min a rai kwana biyu, har nauyin yinta nake ji saboda kar wani ya ɗauka ina fifita itace a kan ɗan adam, wallahi ba haka bane.

Maganar nakiyoyin nan ce da ake binnewa a ƙasa lokacin yaƙi, yaƙin ya ƙare a yi shekara talatin ko arba'in amma su suna nan kwance suna jiran ƙafar mutum. Cire su aikin alheri ne, wannan babu musu. To amma na lura da yawa daga ƙasashen da suka fi fama da su masu kurmi ne, irin dajin nan na wurare masu zafi da yawan ruwan sama, Kambodiya, Kolombiya, Angola, Laos, kudancin Senegal da sauransu, kuma ana cewa a wasu wuraren tsoro ne ya hana mutane shiga har dajin ya samu ya huta, da aka samu zaman lafiya aka buɗe hanya sai ga 'yan katako da masu shanu da masu neman gonaki sun yo ca a kansa. Misalin da ya fi tayar min da hankali na Kolombiya ne, alƙaluman hukumarsu ta IDEAM mai bibiyar yanayi da muhalli sun ce a 2015 dajin da aka sare ya kai hekta 124,000, a 2016 shekarar da aka sa hannu kan sulhu da 'yan tawayen FARC ya haura 178,000, a 2017 kuma ya kusa 220,000.

To shine nake tambaya, shin aikin kwance nakiya yana jawo ƙarewar daji ne da gaske? Sannan su mutanen ƙauyukan da ke bakin dajin, waɗanda su suka sha wahalar, su ne ke cin moriyar filin bayan an share ko wasu ne daban? Masu sani a taimaka mana.

Baban Hafsat:

Wa alaikumus salam. 'Yata tambayarki ba laifi a cikinta, amma ni bari in faɗi tawa kai tsaye, duk dajin da sai an datse ƙafar yaro kafin ya tsira to a nemo masa wata hanyar tsira. Rahoton Landmine Monitor, wanda ke bibiyar maganar nakiya a duniya duk shekara, ya ƙirga mutum 5,757 da nakiya ko ragowar bama-bamai suka kashe ko suka raunata a 2023 kaɗai, mafi yawansu fararen hula, kuma sama da ɗaya cikin uku na fararen hular nan yara ne. Kambodiya ita kaɗai daga 1979 zuwa yau sama da mutum 60,000 abin ya rutsa da su.

Kuma ki duba su waye ke takawa. Matar da ta shiga neman itacen girki, yaron da ya bi saniya ta ɓalle, manomin da gonarsa ta yi masa kaɗan ya ce bari ya ƙara kunya biyu ta gefen daji. Wato maganar cewa nakiya tana hana mutane shiga daji ma ba cikakkiyar gaskiya bace, wanda take hanawa shine mai zaɓi, talaka da yunwa ke binsa shiga yake yi, ya san da ita kuma ya shiga, sai dai ya yi addu'a. Irin ƙananan nan da ake binnewa don mutane da gangan aka ƙera su su cire ƙafa ba lallai su kashe nan take ba, to ki ɗauka abin ya faru a tsakiyar kurmi inda asibiti mafi kusa sai an yi yini ana tafiya, ga damina hanya ta yanke, da yawa jini ne ke ƙare musu a hanya. Wanda ya rayu kuma gidan ya shiga wani hali, a sayar da dabba a biya magani, a cire yaro daga makaranta ya riƙe gona.

Su ma namun dajin ba su tsira ba fa. Akwai giwa a Tailan mai suna Motala da ta taka nakiya a 1999 kusa da iyakar Myanmar, sai ƙafar roba aka yi mata a asibitin giwaye na Lampang, wannan wadda ke da masu ita kenan aka gani, na cikin daji da suka mutu ba wanda ya ƙirga.

Injiniya Bello:

Salam. Baba ya yi gaskiya, kuma Malama Ummu Sultan ita ma abin da ta hango akwai shi, abu biyu ne ake haɗawa wuri ɗaya shi ya sa maganar ke rikicewa. Akwai ɓarnar da shi kansa aikin yake yi wa daji, akwai kuma abin da ke biyo baya bayan ma'aikatan sun tattara kayansu sun tafi.

Na farkon dai haka yake. Ba yadda za a yi ka nemi nakiya a cikin sarƙaƙiya, dole sai an yanke ciyawa da ƙananan itatuwa har ƙasa kafin na'urar gano ƙarfe ta iya kusantar ƙasa, kuma kafin a yanke ma sai an lalaba da siririyar sanda a duba ko akwai waya da aka ja, don wasu nakiyoyin waya ce ke tayar da su. Ma'aikaci yana tafiya ne a layi mai faɗin mita ɗaya, a durƙushe, duk inda na'ura ta yi ƙara sai ya tona a hankali ta gefe, kuma mafi yawan lokaci abin da zai tarar ƙusa ce ko kwanson harsashi ko gutsuren gwangwani. A irin jar ƙasar nan ta wurare masu zafi mai yawan sinadarin ƙarfe na'urar har ruɗewa take yi ta dinga ƙara ba komai, ga wasu nakiyoyin kusan duk jikinsu roba ne ƙarfen ciki ɗan mitsitsi. Wannan aikin hannun ɓarnarsa kaɗan ce, manyan bishiyoyi ana barinsu, ƙananan kuma damina biyu uku sun dawo. Inda matsala take shine manyan injina, akwai mai jujjuya sarƙoƙi yana dukan ƙasa, akwai mai haƙora da ke niƙe ƙasar kamar zurfin taki guda, waɗannan suna da sauri amma suna kashe saman ƙasa, saiwoyi da irin da ke kwance da ƙananan halittu duk su tafi, kuma ƙasar kurmi albarkarta a saman nan take, in aka buɗe ta ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a gangare sai zaizaya. Ga kuma fasa nakiyoyin da aka samu a wurin, yana barin rami da guban TNT, wato sinadarin da ke fashewa a cikin nakiyar, a ƙasa, wani lokaci in rani ne har gobara ta tashi. Shi ya sa ƙa'idojin aikin na duniya da ake kira IMAS yanzu suna da babi guda a kan muhalli. Amma a gaskiya in ka auna faɗin da ake sharewa da faɗin dajin ƙasa gaba ɗaya, wannan ba shine ke cinye kurmi ba.

Na biyun shine babba, hanya. Da zarar an tabbatar hanya ta tsarkaka, wadda za ta kai mai ciki asibiti ita ce dai za ta shigo da tirelar katako, kuma wanda ke da mota da injin yanka da kuɗin fetur shi zai riga kowa isa, ba mutumin ƙauye mai gatari ba.

Ku ɗauki yammacin Kambodiya. A shekarun 1980, lokacin da sojojin Biyetnam ke ƙasar, an yi wani shiri da ake kira K5, aka kwashi dubban talakawa aikin tilas suka sare daji a tsawon iyaka da Tailan ɗaruruwan kilomitoci aka dasa nakiyoyi don hana mayaƙan Khmer Rouge da aka kora daga mulki dawowa, zazzaɓin cizon sauro ya kashe da yawa daga cikinsu. Kun ga kenan tun wajen dasa nakiyar ma daji aka fara sarewa. Sannan su Khmer Rouge da suka riƙe yankin Pailin har 1996, da me suke sayen makamai? Da katako da duwatsu masu daraja da suke sayarwa ta iyakar Tailan, su sun san inda suka binne kayansu, sun bar wa motocinsu hanya. To nakiyar ba ta hana manya sarewa ba ko a lokacin yaƙin. Bayan an ajiye makamai mutane suka kwararo Pailin da Battambang neman ƙasa, tsoffin sojoji da 'yan gudun hijira da marasa gona daga wasu larduna, da yawansu ma ba su jira masu kwance nakiya irin su hukumar gwamnati ta CMAC ko ƙungiyoyin HALO Trust da MAG ba, da hannunsu suka dinga tono nakiyoyin da wuƙa da sanda suna share daji, wasu suka rasa rai a haka, yau in ka duba hoton tauraron ɗan adam na wurin masara ce da rogo iya ganinka.

A ɗaya gefen kuma dokar ƙasa ta 2001 ta ba gwamnati damar ba kamfani hayar fili har hekta 10,000, aka raba sama da hekta miliyan 2 don roba da rake da rogo kafin a dakatar da bayar da sabbi a 2012, kuma a nan ne daji mai yawa ya tafi. Shi talakan da ya zauna a bakin filin nakiya shekara ashirin ba shi da takarda, filin ba wanda ke so saboda haɗari, ranar da aka share ya yi daraja sai ga mai takarda ya bayyana. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wannan ita ce amsar tambayarki ta biyu Malama, wanda zai ci moriya ya danganta da ko an rubuta sunan mai filin kafin a fara aikin ko sai bayan an gama.

Ummu Sultan:

Allah ya saka da alheri Baba, Injiniya na gode sosai, bayanin K5 ɗin nan ya girgiza ni wallahi. To amma ita Kolombiya fa? Don can tsallen da alƙaluman suka yi a shekara biyu kacal ne, kuma daidai lokacin ne aka fara kwance nakiyoyi gadan-gadan.

Anti Zainabu:

Ƙanwata bari in shigo a nan don Kolombiya ɗin na daɗe ina bibiyar labarinta. Abu biyu sun faru lokaci guda amma ba ɗayan ne ya haifi ɗayan ba. Kwance nakiya aiki ne na tafiyar hawainiya, tawaga guda sai ta yi wata da watanni a kan fili da bai fi 'yan hektoci ba, aikin gwaji na farko da sojoji da FARC suka yi tare da ƙungiyar Norwegian People's Aid a ƙauyen El Orejón a jihar Antioquia a 2015 aka fara shi, ƙauye ɗaya fa, to ta yaya wannan zai buɗe hekta dubu ɗari a shekara biyu? Abin da ya faru shine FARC su ne hukuma a dazukan jihohin Caquetá da Meta da Guaviare, suna da dokokinsu na iya abin da mutum zai sare a shekara har da tara, ba don son bishiya kawai ba, inuwar kurmin ce ke ɓoye su daga jiragen soja. Da suka fice suka tafi sansanonin ajiye makamai gwamnati ba ta shigo ta maye gurbinsu ba, wurin ya zama ba mai shi, sai masu kuɗi suka dinga ɗaukar 'yan ƙwadago suna sarewa suna ƙonawa a zuba shanu a kewaye da waya, shanun ma sau da yawa shaida ce kawai ta cewa filin na wane ne. Kuma ki duba, a 2023 adadin dajin da aka sare ya sauko zuwa wajen hekta 79,000 alhali aikin kwance nakiya bai tsaya ba, ci gaba ma ya yi. Da nakiyar ce ke riƙe da dajin ai da bai sauko ba.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, nakiya tana tura mutane cikin daji ne ma. Ba a tsakiyar kurmi inda ba kowa ake binne yawancinsu ba, ana binnewa ne inda mutane ke bi, hanya, gada, bakin rijiya, gona, kewayen gari. To in gonar gado mai kyau da ke kwari ta haramta, iyali za su daina cin abinci ne? Sai su hau tudu su sare sabon wuri, ko su koma yin gawayi da farauta da saran itace don sayarwa. A Laos ba ma nakiyar binnewa ce babbar matsalar ba, ƙananan bama-bamai ne da Amurka ta zubo daga 1964 zuwa 1973, sama da tan miliyan 2, cikinsu ƙanana kusan miliyan 270 kuma an ƙiyasta har miliyan 80 ba su fashe ba, suna nan cikin gonakin shinkafa a su Xieng Khouang, manomi yana tsoron ya zurfafa fartanya balle ya haƙa hanyar ruwa. In ka share masa wannan gonar ka rage masa dalilin shiga daji. Don haka ni a ganina tambayar ba a share ko kar a share bane, tambayar ita ce wane fili za a fara sharewa.

Sai Angola, wadda ita ce misalin da ya fi faranta min rai duk da akwai fargaba a ciki. Yaƙinsu daga 1975 zuwa 2002, kudu maso gabashin ƙasar wajen Cuito Cuanavale da Mavinga ya sha nakiya ba kaɗan ba, giwayen yankin waɗanda ba a kashe don haure ba suka tsere Botsuwana da Namibiya. Yanzu Botsuwana na da giwa wajen 130,000, sun yi mata yawa suna ta rikici da manoma, ga daji a Angola fayau amma ba a iya kula da shi don ma'aikacin gandun daji ba zai yi sintiri inda zai taka nakiya ba, mai yawon buɗe ido ba zai zo ba, mafaraucin sata kuwa ya san 'yan hanyoyinsa. A 2019 gwamnatin Angola ta ware dala miliyan 60 don HALO Trust ta share filaye 153 a gandun Mavinga da Luengue-Luiana, kuma yankin nan kogunan da ke ciyar da babbar fadamar Okavango ta Botsuwana ta nan suke bi. Wato a nan kwance nakiyar shi kansa aikin kare daji ne. Fargabar dai ita ce wadda Injiniya ya faɗa, hanyar da mai sintiri zai bi ita mai gawayi da mai katako za su bi, in ba a sa ma'aikata da albashi da motoci a wurin tun kafin a buɗe ba to an yi wa wasu aiki ne.

Sadiq MK:

Gsky Anti kin yi bayani amma ni har yanzu ina da shakku a kan su waye ke zaɓen inda za a share ɗin. Ku duba Kasamans a kudancin Senegal, rikicin 'yan awaren MFDC tun 1982, ƙauyuka da yawa sun watse sbd nakiya, mutane sun bar gonakin kashu da shinkafa sun koma birnin Ziguinchor ko Gambiya ko Gini Bisau, to dajin ya tsira? Ina! madobiya aka dinga sarewa ana tsallakawa da ita Gambiya ana lodawa jirgin ruwa zuwa Chaina, binciken BBC na 2020 ya nuna sama da tan 300,000 sun fita ta Gambiya cikin shekara uku, ƙasar da ita kanta tata madobiyar ta kusa ƙarewa tuntuni, sai a 2022 Gambiyar ta haramta fitar da katako. Masu ƙauyen da za su ce kai wannan bishiyar ta kakanmu ce ba sa nan, nakiya ta kore su, sai masu bindiga da masu saye. A 2013 ma har sace ma'aikatan kwance nakiya 12 'yan tawaye suka yi don a ganinsu aikin ya matso kusa da sansanoninsu. Kenan kowa ya san duk wanda ya share fili ya canza wanda ke iko da shi.

Shi ya sa nake cewa in kamfanin haƙar ma'adinai ko na mai ko na titi yana son wuri, kuɗi zai biya kamfanin kwance nakiya mai zaman kansa a gama masa cikin 'yan watanni, ƙauye kuwa sai ya jira layin masu ba da agaji shekara goma. Agajin ma ba tabbas, farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje ayyuka da yawa a Kambodiya da Laos da Biyetnam sai da suka tsaya cak na wani lokaci, alhali a Laos ɗin bama-bamanta ne. Kuma yarjejeniyar Ottawa ta 1997 da ta haramta nakiyoyin nan, Amurka da Rasha da Chaina ba su shiga ba har yau, ga wasu ƙasashen Turai da ke maƙwabtaka da Rasha sun ce sun fita. Wlh abin da ciwo, ana tonowa a nan ana shirin binnewa a can.

Injiniya Bello:

Sadiq maganarka ta Kasamans ta ƙara ƙarfafa abin da Anti ta faɗa ne ai, mutanen da ke zaune a bakin daji in suna da haƙƙi a kansa su ne masu gadinsa na farko, nakiya kuma su take kora. Amma ban yarda ƙauye ba shi da ta cewa ko kaɗan ba. A Kambodiya saboda irin wannan ƙwacen filin ne aka kafa ofisoshin tsare-tsare a larduna, MAPU ake ce musu, ana farawa daga taron ƙauye mutane su faɗi filin da ya fi damunsu, a rubuta wa zai amfana da me za a yi da wurin kafin a tura tawaga, bayan an miƙa kuma a koma a duba ko shi ɗin ne ke nomawa. Ba wai ya toshe kowace ƙofa bane, mai ƙarfi yana nan da ƙarfinsa, amma ya fi a share a juya baya.

Akwai kuma wata dabara da ta rage ɓarna sosai, wato bincike kafin tono. A da in aka ce ana zargin wuri sai a zagaye dajin gaba ɗaya a ce sai an bi shi taku-taku, yanzu ana fara zama da tsoffin mayaƙa da mafarauta da matan da ke shiga itace da waɗanda abin ya taɓa rutsawa da su, a haɗa da taswirar soja in akwai, sai ka ga babban kaso na filin an sake shi ba tare da an yanke ko reshe ba don babu shaidar komai a ciki, a mayar da ƙarfi kan ɗan wurin da ke da ita da gaske. A Kolombiya har ƙungiya tsoffin mayaƙan FARC suka kafa, Humanicemos, suna aikin a Caquetá, kuma wa ya fi su sanin irin wurin da ake binnewa? Sannan ana amfani da karnuka da gafiya, ƙungiyar APOPO tana horar da gafiyoyi a Morogoro ta Tanzaniya, ƙamshin TNT suke bi ba ƙarfe ba don haka ƙusa ba ta ɓata musu lokaci, kuma ba su da nauyin da zai tayar da nakiya, ɗaya mai suna Magawa ta gano sama da 100 a Kambodiya kafin ta mutu a 2022. Sai dai su ma sai an yanke musu ciyawa tukunna, ba sa aiki a sarƙaƙiya.

Game da hanya kuma, kar a ɗauka ina cewa a barta. Masana tattalin arziki da suka bi diddigin aikin Mozambik, wadda ta ayyana kammala share filayen da aka sani a 2015, sun gano share tituna da layin dogo shine ya fi komai ɗaga arzikin mutane don shi ke haɗa su da kasuwa. Abin da nake cewa, ranar da ake tsara share hanyar da ta ratsa kurmi, a zaunar da hukumar filaye da ta gandun daji da dattawan ƙauyukan a teburi ɗaya da masu kwance nakiyar, a shata iyakar dajin al'umma a ba su takarda, a san wa zai tsaya a shingen duba motoci. Yawanci kuɗin masu agaji yana ƙarewa ne ranar bikin miƙa fili, alhali daga ranar ne rububin ke farawa.

Baban Hafsat:

To madalla, duk na ji. Ni dai sharaɗina ɗaya, kar a ce za a jinkirta share gonar mutane da hanyar makarantar yara har sai an gama zaman teburin nan, don takardar fili a irin ƙasashen nan tana iya cin shekara biyar, ita kuwa nakiya ba ta jira, kuma ambaliya tana kwasarta ta kai ta inda ba a zata ba kamar yadda aka gani a Mozambik a 2000. A fara da cikin gari da gonaki da bakin ruwa yau, su manyan hanyoyin cikin kurmi da ba kowa ke zaune ba sai a haɗa su da maganar takardar. Kuma a tuna da waɗanda suka riga suka rasa ƙafa, ƙafar roba tana lalacewa cikin 'yan shekaru, ta yaro kuwa tun yana girma sai an yi ta canzawa, in za a ɗauki masu gadin dajin da masu renon itatuwa to su da iyalansu ya kamata a fara ɗauka.

Ummu Sultan:

Na gode ƙwarai Baba, Anti, Injiniya da Sadiq, Allah ya ƙara ilimi. Anti Zainabu dan Allah in kin samu lokaci ki ƙara mana bayani a kan Angola ɗin, musamman mutanen da ke zaune a cikin gandun Luengue-Luiana, in giwayen suka dawo da yawa su kuma gonakinsu fa, don kar a raba su da nakiya a haɗa su da giwa ba tare da an yi musu wani tanadi ba.